Kwana Biyu a Waterford da Dattijo Mai Son Tarihi: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Ina aikin jinya a Dublin. Mahaifina zai kawo mini ziyara daga gida a watan Yuni. Tsohon malamin tarihi ne, ya haura shekara 70, gwiwa kuma tana ɗan damunsa. Abokan aikina sun ce in kai shi Waterford, wai babu birnin da ya kai shi tsufa a Ailan. Hutun kwana biyu kawai zan samu. Ya cancanci tafiyar kuwa? Me za mu gani, me za mu bari, kuma yaya batun abinci da salla?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya kawo Baba lafiya. Ya cancanta, amma bari in rage miki buri tun yanzu don kada ki isa ki ce an zuga ki. Waterford ba gari ne mai ɗaukar ido daga nesa ba. Mutanensa dubu 60 ne da 'yan kai, kuma idan kika biyo bakin kogi za ki ga shaguna da wuraren ajiye motoci irin na ko'ina. Abin da ya mallaka shi ne tarihin shekara sama da 1,100 a cure cikin 'yar kusurwa wadda mai lafiyar ƙafa zai zagaye a minti 15. Ga dattijo mai ciwon gwiwa da ƙishin tarihi, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Na daɗe ina zagayawa da baƙi a wannan yanki, kuma shawarata ɗaya ce: ku fara da kogin, ku bi abubuwa bisa jerin zamaninsu, kada ku fara da shagon kayan gilashin da garin ya yi suna da su kamar yadda motocin 'yan yawon buɗe ido ke yi.

Ku hau jirgin ƙasa a tashar Heuston, tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci. Tashar Waterford tana tsallaken kogi, don haka dole ku ƙetare gada. In ƙafar Baba ta yarda, ku taka, ku ɗan tsaya a tsakiya. Sunan kogin Suir, ana furta shi “Shur”. Ruwan teku yana turo shi ya cika, ya kuma janye ya bar laka a gefe, sau biyu tsakanin dare da rana. Can ƙasa da gari yake haɗuwa da Barrow, wanda ya riga ya haɗiye Nore, su ukun da mutanen nan ke kira 'yan'uwa mata uku, sannan su faɗa teku tare. Wanda ya riƙe wannan wuri ya riƙe ƙofar shiga cikin ƙasa ta ruwa har hanya uku, ga zurfin da jirgi zai tsaya, ga mafaka daga iska. Duk abin da za ku gani cikin kwana biyun nan, daga hasumiya har alkyabbar zinariya, wannan ruwa ne ya kawo shi.

'Yan Viking, mutanen arewacin Turai masu dogayen jirage waɗanda suka haɗa hari da fatauci, su suka kafa garin a 914. Sunan Waterford ma daga harshensu ya samo asali, shi ya sa bai yi kama da sunan da 'yan ƙasa ke kiransa ba, wato Port Láirge, wanda za ki gani a allunan hanya. Sun zaɓi wani tudu mai kusurwa uku tsakanin Suir da wani ƙaramin rafi mai fadama. Faffaɗan titin nan da ake kira The Mall, inda za ku yi ta kai da kawowa, a da ruwa ne da taɓo, sai a ƙarni na 18 aka cike shi. Ki gaya wa Baba wannan yana tsaye a kai, nan take taswirar tsohon garin za ta zauna masa a ka.

Akwai abin da na tabbata zai tsaya masa a rai. A 2003, ana binciken ƙasa kafin gina hanyar da za ta kewaye gari, aka ci karo da wani mazaunin 'yan Viking na ƙarni na 9 a Woodstown, 'yan kilomitoci sama da garin a bakin kogin nan. An tono ma'aunan dalma masu yawa, da gutsattsarin azurfa, da kabarin wani mayaƙi da takobinsa, da kuma ɓallen dirhami mai rubutun Kufi. Azurfar daulolin Musulunci ta riƙa bin kogunan Rasha har tekun Baltik, daga can ta gangaro nan. Su ba ruwansu da rubutun da ke jiki, sara suke yi su ɗora a sikeli. Cikin hajar da suke musanyawa da ita har da bayi. Saboda wannan gano sai da aka karkatar da hanyar.

A ƙarshen kusurwar, daidai inda bakin kogi ya haɗu da The Mall, hasumiyar Reginald take. Kewayayya ce, tsayinta kamar mita 16, kaurin bangonta daga ƙasa ya kai mita 3. Sunan na wani sarkin Viking ne, Ragnall, amma kada wani ya ce muku 'yan Viking ne suka gina wannan da kuke gani. Ginin dutsen na zamanin Normawa ne, mayaƙan da suka shigo daga Ingila bayan 'yan Viking, wajen farkon ƙarni na 13, aka ƙara masa hawa a ƙarni na 15. Ta yi zama gidan buga kuɗi, ta yi zama rumbun makamai, ta yi zama kurkuku. Ki ɗaga kai ki duba can sama a jikin bango, akwai ƙwallon igwa a maƙale, wanda ake dangantawa da yaƙin 1650. A gefenta an ajiye kwaikwayon jirgin Viking na katako, a nan kowa ke ɗaukar hoto.

Kada Baba ya hau. Matakalar murɗaɗɗiya ce, ƙunci gare ta, kuma tsayin matakan bai daidaita ba, wani gajere wani dogo, abin da ake cewa da gangan aka yi don maharin da ya shigo a guje ya yi tuntuɓe. Na taɓa yin kuskuren hawa da wani baƙona, dattijo, da sassafe. Ya kai sama lafiya yana dariya, saukowa ce ta zama aiki, a zaune ya yi rabinta, sauran yinin kuma a kan benci ya ƙare shi yana shafa gwiwa. Laifina ne, ba na hasumiya ba. Ke ki hau ki ɗauko masa hoton kogin ta taga.

A gindin hasumiyar za ki ba shi labarin 1170. Sarkin Leinster, masarautar gabashin Ailan, Diarmait Mac Murchada, abokan gaba sun kore shi daga sarauta, ya tsallaka ya nemo taimakon Normawan Ingila da Wales. Babban cikinsu, Richard de Clare da ake wa laƙabi da Strongbow, ya yarda bisa alkawarin za a ba shi 'yar sarki, Aoife, da gadon sarauta. A watan Agusta ya ci Waterford da yaƙi, aka ɗaura auren a garin tun jini bai bushe ba. Shekara ta zagayo, Sarki Henry na II na Ingila ya ga bawansa na neman zama sarki mai cin gashin kansa, sai ya sauka da rundunarsa kusa da nan a Oktoban 1171, ya mai da Waterford birnin sarki. Daga wannan aure aka fara ƙidayar ɗaruruwan shekarun da Ingila ta yi da hannu a Ailan. Malamin tarihi ba ya buƙatar a yi masa sharhi kan sarkin da ya gayyato baƙo ya taya shi faɗan cikin gida.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa inda nake so ku kashe mafi yawan lokacinku, wato gidan tarihin tsakiyar zamani, Medieval Museum, wanda aka buɗe a 2012. Sabon gini ne da aka ɗora a kan tsofaffin ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, ɗaya na ƙarni na 13, ɗaya rumbun ruwan inabi na ƙarni na 15. Akwai na'urar hawa bene, Baba ba zai wahala ba. Ku ware masa awa biyu, ko fiye.

Abu na farko a ciki wata doguwar takardar fata ce ta 1373, tsawonta kusan mita 4, ana kiranta Great Charter Roll. Labarinta na kishiyoyi ne. Waterford na da'awar cewa jiragen waje da suka shigo bakin ruwan dole su sauke kaya a wurinta, su biya haraji, alhali garin New Ross da ke kan Barrow yana janye mata ciniki, musamman na ruwan inabin Faransa. Sai manyan gari suka tattara duk takardun izinin da sarakunan baya suka ba su, aka ɗinke su jere, aka zana hotunan sarakunan Ingila tun daga Henry na II a gefe, da magadan garin Dublin da Cork da Limerick da na Waterford, aka kai wa Sarki Edward na III. Ƙara ce aka yi mata kwalliya don kada sarki ya gaji da karatu. A samanta akwai zanen garin da ganuwarsa da farar hasumiya, kuma ba a san wani zanen birnin Ailan da ya riga shi ba. Rigimar ba ta mutu nan ba: a 1518 mutanen Waterford suka kai wa New Ross hari da jirage, suka ƙwato sandan girma na azurfa na garin. Yana nan a gidan tarihin har yau, ba su mayar ba.

Abu na biyu shi ne wanda ni ke mai da ni gidan duk lokacin da na samu dama. Ɗaki ne mai duhu-duhu, a cikin akwatunan gilashi an rataye alkyabbobin limaman coci na wajen 1460. Alharinin a Florence ta Italiya aka saƙa shi da zaren zinariya, aikin allurar kuma a Bruges, cikin Beljiyam ta yau. Ki sa Baba ya matso dab da gilashin. Fuskar mutum da ba ta wuce kan babban yatsa ba, an fitar mata da ido da gemu da inuwar kunci, duk da zare. Zinariyar a kwance take a ƙasa, aka bi ta da siraran zaruruwa masu launi, inda ake son haske a tazarce su, inda ake son duhu a matse su. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin babbar riga ya san watanni nawa tafin hannu ɗaya na irin wannan aiki ke ci. Ƙaramin gari a gefen Turai ya iya sayen wannan ne da kuɗin fatu da ulu da kifi da yake fitarwa ta kogin da kuka ƙetare da safe.

Yadda suka tsira ma labari ne. Oliver Cromwell, jagoran sojojin majalisar Ingila, ya yi wa garin ƙawanya a ƙarshen 1649, ciwo da ruwan sama suka kore shi bai ci ba. Surukinsa Henry Ireton ya dawo ya karɓe shi a Agustan 1650. Kafin ya shigo, aka ɓoye kayan a ƙarƙashin daɓen babbar majami'a. Waɗanda suka san wurin suka mutu da sirrinsu. Sai a 1773, bayan shekara 123, ana rushe tsohuwar majami'ar don gina sabuwa, aka tono su. A lokacin ginin yana hannun Furotesta, dokokin ƙasa kuma sun danne Katolika, amma bishop ɗin Furotesta ya miƙa wa Katolika kayansu. A gidan kuma za ku ga jar hular karammiski da Henry na VIII ya aiko wa magajin gari a 1536, wadda masu gidan ke cewa ita kaɗai ta rage cikin tufafinsa. Irin waɗannan kyaututtuka ladan biyayya ne. Garin ya ƙi bin masu da'awar sarautar Ingila har sau biyu, a 1495 ma igwar hasumiyar Reginald ta kori jiragen ɗayansu, Perkin Warbeck, shi ya sa Henry na VII ya ba shi kirarin Latin da ke cewa Waterford birni ne da ba a taɓa ci ba. Kirarin ya kai shekara 150 kafin Ireton ya ƙaryata shi, amma har gobe yana jikin tambarin gari.

Majami'ar da aka gina a gurbin tsohuwar, Christ Church, tana maƙwabtaka da gidan tarihin, kuma a buɗe take ga masu ziyara. Shiga ko rashin shiga, ki bar wa Baba zaɓi. In ya shiga, ku nemi kabarin James Rice, attajirin da ya riƙe magajin gari sau 11 a ƙarni na 15. Maimakon a sassaƙa shi cikin rigar girma, ya sa aka sassaƙa gawarsa tana ruɓewa: haƙarƙari a waje, tsutsotsi na ratsawa, kwaɗo a zaune kan ciki. Rubutun da ke kewaye yana gaya wa mai wucewa cewa yadda kake haka nake a da, yadda nake haka za ka zama. Na sha ganin baƙi masu surutu sun yi tsit a wurin. Maginin majami'ar, John Roberts, ɗan garin ne kuma Furotesta, shi ne kuma ya zana babbar majami'ar Katolika da ke titin Barronstrand a 1793. Mutum ɗaya ya gina wa ɓangarori biyu masu gaba da juna, abin da mutanen gari ke alfahari da shi.

Fadar bishop ta 1743 tana nan kusa, yanzu gidan tarihi ce ta ƙarni na 18 zuwa gaba. In gajiya ta fara, ku taƙaita: ku ga tulun gilashi na 1789, mafi tsufa cikin gilashin Waterford da ya rage, da ɗan gicciyen makokin Napoleon, wanda ya iso nan saboda 'yar ɗan'uwansa ta auri ɗan garin, Thomas Wyse. Ana sayar da tikiti ɗaya da ya haɗa gidajen tarihin, ya fi sauƙi a kan saye ɗai-ɗai. Akwai kuma gidan agoguna da na azurfa. Masu kyau ne, amma a kwana biyu ni zan bar su.

A kan The Mall akwai wurare biyu da ba a biyan ko sisi. A jikin zauren gari akwai allon tunawa da Frederick Douglass, baƙar fatar Amurka da ya tsere daga bauta, wanda ya yi jawabi a nan a Oktoban 1845, daidai lokacin da cutar dankali ta fara jefa Ailan cikin babbar yunwa. Sai gida mai lamba 33, inda Thomas Francis Meagher ya fara ɗaga tutar nan mai kore da fari da ruwan lemo ranar 7 ga Maris 1848, kore na Katolika, ruwan lemo na Furotesta, fari na sulhu tsakaninsu. Rayuwarsa ta fi tatsuniya: aka yanke masa hukuncin kisa saboda tawaye, aka sassauta zuwa kora Tasmaniya, ya tsere Amurka a 1852, ya zama janar a yaƙin basasarsu, ya riƙe muƙaddashin gwamnan Montana, ya faɗa kogin Missouri a 1867 ba a ga gawarsa ba. Mutum-mutumin nan mai doki da takobi a kusa da hasumiya nasa ne.

Sai yanzu gilashi. George da William Penrose suka kafa masana'antar a 1783, ta rufe a 1851, wani ɗan Cek, Charles Bačik, ya farfaɗo da sana'ar a 1947. Babbar masana'antar ta durƙushe a 2009, ma'aikata suka yi makonni suna zaman dirshan a ciki, kuma ciwon bai gama warkewa a garin ba. Wadda ke The Mall tun 2010 ƙarama ce, yawancin kayan da ke ɗauke da sunan yanzu a wasu ƙasashe ake yin su. Duk da haka kallon aikin ya cancanci awa guda: a ciro narkakken gilashi ja wur a bakin bututu, a hura, a juya, sannan mai yanka ya riƙe kofi da hannu biyu yana goga shi a jikin faifai mai juyawa, ruwa na zuba, zane na fitowa ba tare da ya kalli takarda ba. Shagon kuwa, ki shiga da ido, ki bar jaka a rufe. Ragowar ganuwar gari, mai hasumiyoyi 6 har da ta Reginald, ta fi fitowa a wajen titin Castle. Akwai ɗan hawa, ku ɗauki tasi ko ku haƙura.

Batun ciki. Burodin garin sunansa blaa, ɗan dunƙule mai laushi da aka barbaɗe da fulawa, Tarayyar Turai ta yi wa sunansa rajistar kariya a 2013. Shi kansa fulawa ne da ruwa da yis da gishiri, matsalar abin da ake cusa masa ce, don 'yan gari da naman alade suke cinsa. Ki ce a sa man shanu da ƙwai ko cuku kawai, kuma a saya da safe, kafin la'asar ya bushe. Baƙin tsiran karin kumallo da jini ake yinsa, ku kauce masa. Miyar kifin nan mai kauri tana da daɗi, amma ki tambaya, wasu na jefa mata naman alade ko giya. Soyayyen kifi da dankali ya fi kwanciyar hankali. Akwai Musulmi a garin da wuraren salla da shagunan halal, ki nemi adireshi da lokacin jam'i kafin ku taso, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma shirya Baba: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, asuba kuma tana yi tun bai gama juyi ba. Gidajen tarihi suna rufewa wajen 5 zuwa 6, hasken da ya rage na zaman bakin kogi ne. Rigar ruwa ta fi laima amfani, iskar kogin tana juya laima.

Rana ta biyu ku bi ruwan zuwa bakinsa, kuma wannan sai da mota, ko ta haya ko ta wata ƙawarki. Ku gangara ƙauyen Passage East, ku shiga jirgin fito da motarku, minti biyar kun tsallaka Ballyhack. Daga can ku miƙe har ƙarshen tsirin Hook, inda hasumiyar haska wa jirage hanya take, mai ratsin fari da baƙi. William Marshal ya gina ta a farkon ƙarni na 13, shi ne mijin 'yar da Strongbow da Aoife suka haifa, kuma shi ya kafa New Ross, kishiyar da aka yi wa doguwar takardar nan. Sufayen Kirista ne suka fara kula da wutarta, sai a 1996 aka sallami masu gadi na ƙarshe aka bar wa na'ura. Shekara 800 ke nan tana aiki. Matakanta 115 ne, don haka dokar hasumiyar Reginald ta hau kan Baba a nan ma. Akwai wurin shan shayi a tsofaffin gidajen masu gadi, ya zauna ya kalli mashigar da jiragen Viking da na Strongbow da na Henry suka bi, wadda kuma dubban 'yan yankin suka bi suka fita zuwa kamun kifi a Newfoundland, cikin Kanada ta yau. Ki riƙe hannunsa a kan duwatsun bakin ruwa, suna da santsi, igiyar ruwa kuma tana zuwa ba sallama.

In motar ba ta samu ba, ku hau bas zuwa Tramore, ba ta kai rabin awa ba, ku sha iskar teku ku dawo. Hanyar keke mai kilomita 46 da ta tafi Dungarvan a kan tsohon layin dogo ki ajiye ta sai ranar da kika zo da ƙawayenki. Ki sayi tikitin jirgin komawa ta intanet tun da wuri, ki kama wa Baba kujera, don jiragen yammacin Lahadi cika suke yi da ɗalibai da ma'aikata masu komawa Dublin.